Yadda Ake Auna Kamannin Rubutu Biyu da Manhajar Matse Fayil

Manhajar matse fayil irin gzip ba ta jin Hausa, ba ta jin kowane harshe, amma tana da ido wajen gano maimaici. Dabarar da Abraham Lempel da Jacob Ziv suka fitar a 1977 ita ce, in wasu haruffa sun taɓa fitowa, sai a rubuta "koma baya kaza, kwafo kaza" maimakon a sake jera su. A kan wannan gzip ke ɗora tsarin David Huffman na 1952, mai ba abin da ya fi yawan fitowa gajeriyar lamba. In aka warware fayil ɗin, ko ɗigo ba ya ɓacewa.

Wannan idon ne masu haƙo bayanai suka ara. In rubutu biyu sun yi kama, haɗa su ba ya ƙara nauyi sosai, domin na biyun zai riƙa aro daga na farko. Rudi Cilibrasi da Paul Vitányi sun nuna amfanin ma'aunin wajen rarraba bayanai a 2005.

Da farko, adana kowane rubutu a fayil na .txt, a ce a.txt da b.txt, da tsarin UTF-8, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta. Ka tsaya sosai a nan, don nan ne mu masu Hausa muke tuntuɓe. Wani ya rubuta "ƙasa", wani "k'asa", wani kuma "kasa". A wurinka kalma ɗaya suke nufi, a wurin gzip abu uku ne daban, kuma ƙ, ɗ da ɓ kowanne bait biyu yake ci (bait shi ne ma'aunin nauyin fayil). Ka daidaita rubutun duka kafin ka taɓa komai, in ba haka ba hannun marubuci za ka auna, ba abin da ya faɗa ba.

Na biyu, matse kowanne ka ƙirga nauyinsa. A Linux ko Mac, rubuta wannan umarni a terminal, wato tagar ba kwamfuta umarni: gzip -9 < a.txt | wc -c. Haka ma b.txt.

Na uku, haɗa su ka matse: cat a.txt b.txt | gzip -9 | wc -c.

Sai lissafi. Cire ƙaramin nauyin daga nauyin haɗin, ka raba da babban. A ce a.txt ya ba da 1,200, b.txt 1,400, haɗinsu 2,100. Ka cire 1,200 saura 900, ka raba da 1,400, ka sami kusan 0.64. Kusa da sifili, kama ta yi yawa. Kusa da 1, hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Abu biyu ke ɓata aikin. Gzip ba ta waiwayen abin da ya wuce kilobait 32, don haka in rubutun dogo ne, sai ta manta farkonsa. Koma ga xz, wata manhajar matse fayil da ke waiwayen nesa. Rubutu mai layi ɗaya ko biyu kuwa ba ya ba da lambar da za a dogara da ita.

In kana so ka rarraba labarai, tara misalai na wasanni, siyasa da noma waɗanda ka riga ka san ajinsu. Auna sabon labari da kowannensu, ka duba guda uku ko biyar mafi kusa, ka sa shi a ajin da ya fi yawa a cikinsu. Ni dai nakan karanta goman farko da idona, domin haruffa manhajar ke gani: "asibiti" da "ɗakin shan magani" ba ta san 'yan uwa ba ne.