Makunnin murɗawa na okta a sintetaiza haɗin gida

Idan ka shiga kasuwar Katako ta Yamai neman makunnin murɗawa na sintetaiza, na'urar kiɗa mai ƙirƙirar sauti da lantarki, tafi da multimita, mitar auna wuta, a aljihu. Mai shago zai ƙirga maka ƙafafu, amma abin da ke faruwa a tsakanin taki da taki, kai za ka gano shi.

Waɗanda aka fi samu, irin na Lorlin da Alpha, ƙafa 12 ne a zagaye, kowane taki digiri 30. Bambancinsu yana ƙafafun tsakiya: ɗaya tana ba da matsayi 12, biyu 6, uku 4, huɗu 3. Ni mai ɗaya nake saye, domin a ƙarƙashin noti akwai wani zobe mai ɗan haƙori da ke tsaida shi inda kake so. Murɗa sandar hagu har ƙarshe tukuna, sannan ka jefa haƙorin a ramin lamba 6, don ka samu matsayi shida. Ka kuma auna faɗi: jikinsa ya haura milimita 25, fuskar Eurorack (tsarin sintetaiza mai sassa-sassa) mai 4HP (HP ma'aunin faɗin fuska ne) kuwa kimanin 20 ce, ba zai shiga ba.

To, ga inda aikin yake. Wani makunnin yana kama ƙafa ta gaba kafin ya saki ta baya, wani kuma sai ya saki sannan ya kama. Sa multimita a awon da take ƙara in waya ta haɗu, ɗora ta kan ƙafa 1 da 2, ka murɗa sannu a hankali. In ta yi ƙara a tsakiya, mai kamawa ne. Wajen zaɓen siffar sauti, inda kowace ƙafa ke fitowa daga bakin nata amfilifaya, mai saki za ka sa, kada bakuna biyu su yi karo. A zaɓen okta kuwa, wato tazarar da kaifin sauti ke ninkawa biyu, na fi son mai kamawa. Mai saki yana barin mashigar TL072, ƙaramar amfilifayar da ke bayan makunnin, a reto, ba haɗe da komai ba, na ɗan lokaci, sai ka ji sauti ya yi tsalle. Mai kamawa ma yana ɗan girgiza layin, amma kunne bai cika damuwa da shi ba.

Haɗin kansa ba wuya. Ƙa'idar ita ce volt 1 ga kowace okta. Jera rezisto biyar masu 10k (ohm dubu goma) daga ƙafa 1 zuwa 6, ɗaya a tsakanin kowace ƙafa biyu. Ƙafa 1 ta tafi ƙasa, ƙafa 6 ta karɓi volt 5 daga LM4040, ɗan kayan da ke riƙe volt daram, ta tsakiya kuma ta shiga TL072 kafin ta kai ga osileta, sashen da ke samar da sautin. Kada ka ɗebo wutar daga layin volt 12, yana motsi duk sanda wani sashe ya ja wuta.

Kuskuren rezisto na kashi 1 cikin 100 a volt ɗaya milivolt 10 ne, rabin murya kuwa, ɗaya daga matakai 12 na okta, kimanin 83. Mai kunne zai ji. Saboda haka nakan zube rezisto a faranti in auna, in tsinci biyar da suka fi kama da juna.

Wajen dalma, yi sauri. Jikin roba ne, zafi na sassauta ƙafa. Tsohon makunnin rediyo mai buɗaɗɗen ciki yana da arha, sai dai ƙurar hunturun Yamai ba ta ƙyale shi, wata biyu ya fara ƙarce-ƙarce. Rufaffe ya fi. Kafin ka ɗaure ƙulli a sanda, sa wuta ka bi matsayi shidan da mita: 0, 1, 2, 3, 4, 5.