Yadda ake wargaza magnesiyam naitiret da zafi a ɗakin gwaji

Yawancin ɗaliban da na gani suna wannan gwaji sukan sauke bututun daga kan wuta tun aikin bai kankama ba, domin a ganinsu da zarar gishirin, wato magnesiyam naitiret, ya narke, to ya wargaje ke nan. Gishirin da ake sayar wa makarantu yana ɗauke da ruwa a jikinsa, wato Mg(NO₃)₂·6H₂O, kuma da zafi ya kai kimanin digiri 89 na Celsius sai ya narke cikin wannan ruwa nasa, alhali wargajewar ba ta soma sosai sai zafi ya haura digiri 300.

Da farko a auna giram 0.64 a zuba cikin busasshen bututun Pyrex, wato gilashi mai jure zafi. Kada a ƙara a kan haka, saboda hayaƙin da zai fito guba ne ga huhu. A yi aikin cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau a ido da malami a tsaye. Bututu mai araha da ake samu a kasuwa ba ya jure wannan zafi, kuma wanda ya saye shi don rage kuɗi zai sake sayen wani.

Matakin korar ruwa shi ne wanda ke buƙatar haƙuri. A riƙe bututun da mariƙi a karkace, bakinsa na kallon inda babu kowa, a rage harshen fitilar Bunsen, a riƙa shigar da gindin bututun cikin wuta ana fitar da shi. Gishirin zai narke, ya tafasa, ya yi ta tsartuwa, tururi kuma ya taru ya zama ɗigo a saman bututun inda gilashin bai yi zafi ba. Idan ɗigo ɗaya ya gangaro ya taɓa gindin da ya riga ya yi zafi, nan take gilashin zai tsage. Saboda haka nake dagewa a riƙa bi da harshen wutar tun daga tsakiyar bututun har bakinsa, a kori ɗigon nan gaba ɗaya, kuma kada a ƙara wuta sai tafasar ta lafa, abin da ke ciki ya yi kauri ya soma daskarewa.

Daga nan a buɗe ƙofar iskar fitilar har harshen ya zama shuɗi, a tsayar da gindin bututun a cikinsa. Hayaƙi mai ruwan ƙasa zai tashi, shi ne naitirojin dayoksaid, NO₂, wanda ke mayar da jiƙaƙƙiyar shuɗiyar takardar litmus (takardar gwada asid) ja. A sa tsinke mai garwashi a bakin bututun. Idan ya sake kamawa, oksijin ya fito. Lissafin shi ne 2Mg(NO₃)₂ → 2MgO + 4NO₂ + O₂. A ci gaba da ba shi wuta har hayaƙin ya ɗauke. Farin garin da ya rage shi ne magnesiyam oksaid, MgO, nauyinsa kusan giram 0.10, kuma fari yake da zafi ko da sanyi, saɓanin zinki oksaid, ZnO, da ke zama rawaya idan ya yi zafi.

Wajen rubuta sakamako, kada a ce naitirait ne ya rage, wato gishiri mai NO₂ a madadin NO₃ na naitiret. Sodiyam da fotasiyam ne naitiret ɗinsu ke tsayawa a naitirait. Ƙwayar magnesiyam ƙarama ce mai caji biyu, tana jan naitiret da ƙarfi har ya rushe ya kai ga oksaid. Shi kansa magnesiyam naitirait, Mg(NO₂)₂, ya fi saurin rushewa, shi ya sa da wuya a same shi a ɗakin gwajin makaranta. A takarda ana rubuta lissafin rushewarsa Mg(NO₂)₂ → MgO + NO + NO₂, kuma babu iskar oksijin, O₂, a cikin abin da yake fitarwa.