Kurakuran masu tara kan sarki mai hoton malam-buɗe-littafi a Legas

Babban abin da ke lalata kan sarki a Legas shi ne danshi, kuma yawancin masu tarawa ba sa lura da shi sai ɓarna ta auku. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba iskar garin cike take da laima, wadda ke jiƙa gam ɗin da ke bayan kan sarkin da ba a yi amfani da shi ba har ya manne da takarda, sannan ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa su fito a kan fukafukan da saboda kyansu aka saye shi. Wanda ya jibga kundayensa a kwance, ɗaya bisa ɗaya, a ƙasan akwati ko a jikin bango, ya ƙara wa matsalar ƙarfi, domin nauyi yana danne gam ɗin. Gyaran shi ne a jera kundayen a tsaye, a cikin akwatin da ke rufuwa ruf, tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, kuma a riƙa buɗe shafukan lokaci-lokaci su sha iska a inuwa. Rana kuwa tana kashe launi, musamman ja da rawaya.

Kuskure na biyu shi ne liƙawa da salatif, wanda mansa ke ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Haka nan ɗauka da yatsa, domin gumi yana barin alama. A yi amfani da ɗan hantsaki mai faɗin baki. Idan kan sarkin yana jikin ambulan, kada a ɓamɓare shi. A yanko shi da takardarsa, a jiƙa a ruwa mai sanyi har ya saku da kansa, amma a ware ambulan mai launi, tunda rininsa yakan zuba.

Akwai kuma ruɗuwa da ado. Ana sayar da takardu masu ƙyalli, masu kama da kan sarki, a intanet ɗauke da sunayen ƙasashen da gidajen wayarsu ba su taɓa fitar da su ba, kuma malam-buɗe-littafi na cikin hotunan da masu wannan sana'a suka fi so, saboda yana jan ido. Kafin a biya kuɗi, a duba kundin Stanley Gibbons ko na Scott, littattafan da ke lissafa kan sarkin da kowace ƙasa ta fitar.

A ganina, mai farawa ya fara da na gida. A 1982 Nijeriya ta fitar da jerin kan sarki guda huɗu masu hoton malam-buɗe-littafi, na kwabo 10, 20, 30 da 45, kuma haɗa su cikakku, da haƙoran gefensu lafiya lau, ya fi tara ɗari marasa asali daraja.