Kurakuran da ake yawan tafkawa in ana gardamar daidaito

Da zarar an ɗauko maganar daidaito tsakanin masu hali da talakawa, kafin ka rufe baki wani ya jefo maka "ai yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba", shikenan wai ya gama da kowa. To nan aka fara kuskure, don a cikin masanan da suka ƙarar da rayuwarsu kan batun nan da wuya ka samu wanda ya ce a tara dukiyar gari a kasa ta kowa ya ɗauki daidai da na ɗan'uwansa. John Rawls, malamin falsafa ɗan Amurka da ya fito da ra'ayinsa a 1971, ya yarda wani ya fi wani samu, sharaɗinsa dai fifikon ya zama na can ƙasa ma yana amfana da shi. Ya ce ka ɗauka kai aka ba tsara dokokin ƙasa amma ba ka san inda za a haife ka ba, ko gidan minista ko gidan mai tura baro, wane tsari za ka zaɓa? In gardama za ka yi da shi nan za ka kama, ka bar yatsu su huta.

Su ma masu kare talaka suna da nasu, duk wanda ya ƙi a karɓi haraji a raba sai su ce maƙiyin daidaito ne. Robert Nozick, abokin aikin Rawls a jami'ar Harvard, ya mayar da martani a 1974 da misalin ɗan ƙwallon kwando Wilt Chamberlain, mutum miliyan ɗaya kowa ya ba da santi 25, wato kashi ɗaya cikin huɗu na dala, da son ransa don ya kalli wasansa, ya tashi da dala 250,000, to wa aka zalunta? Shi ma daidaito yake nema amma a 'yanci, kowa ya yi iko da abinsa. Ni dai bai gamsar da ni ba, tunda shi da kansa ya yarda in asalin dukiya ƙwace ne sai an gyara, kuma tsakani da Allah manyan dukiyoyi nawa ne asalinsu zai jure bincike?

Maganin mafi yawan hayaniyar nan tambaya ɗaya ce da Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya, ya yi a wata lacca a Stanford a 1979: daidaito a me? A kuɗi, a dama, ko a 'yanci? Shi ya ce a duba abin da mutum zai iya yi da abin da ke hannunsa. Ka ba mutum biyu albashi ɗaya, ɗaya lafiyarsa lau yana takawa ofis da ƙafa, ɗayan gurgu ne kullum sai ya ɗauki shatar adaidaita zuwa da dawowa, a takarda daidai suke amma kafin tsakiyar wata aljihun ɗaya ya bushe.

Haka ma masu cewa "ai ƙofa a buɗe take ga kowa". Rigimar makin shiga makarantun Unity, wato sakandaren gwamnatin tarayya, a Najeriya kenan, inda ake neman maki mai yawa daga ɗan Anambra a sassauta wa ɗan Zamfara, ɓangare ɗaya na nufin doka ɗaya ga kowa, ɗayan na cewa yaran ba daga wuri ɗaya suka taso ba, kuma kowa rantsuwa yake adalci yake karewa. Ka fara faɗin wanne kake nufi kafin ka zagi wani.

Sai haɗa talauci da rashin daidaito, alhali abu biyu ne. Ma'aunin Gini, wanda Corrado Gini ɗan Italiya ya ƙirƙiro a 1912, daga 0 (kowa daidai) yake zuwa 1 (mutum ɗaya ya kwashe komai), giɓin da ke tsakanin masu hali da talakawa kawai yake aunawa. Afirka ta Kudu a 2014 tana wajen 0.63, cikin mafi muni a duniya, Nijar tana ƙasa da haka sosai, amma wa zai ce talauci ya fi sauƙi a Nijar? Don haka in wani ya watso maka lambar a Facebook ka tambaye shi me aka auna, kuɗin shiga ne, ko abin da gida ke kashewa, ko kadarori, don kowanne lamba daban yake bayarwa, kuma masu binciken da ke bi gida-gida da takardar tambayoyi ba kasafai maigadi ke barin su wuce get ɗin attajiri ba.