Kurakuran masu koyar da 'ya'yansu a gida idan lokacin jami'a ya zo

Shekara tara ke nan ina koyar da 'ya'yana a gida, kuma duk lokacin da aka buɗe rajistar JAMB sai iyaye irina sun dame ni da kira, tambayoyin kuma ba sa canzawa. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai, ni na fara tafka shi. Babbar 'yata mai son lissafi ce. Ta zana jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, wadda muke kira GCE, ta kwashe kiredit ɗinta a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a zama ɗaya. Da na ga haka sai na tattara littattafanta da jadawalinta na ɗora wa ƙaninta. Yaron nan ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 13, ba ya gajiya da karatun tarihi, ga son muhawara. Amma in aka buɗe masa littafin Kemistiri bayan Azahar, har a kira La'asar yana kan shafi ɗaya, biro a baki. Na ce lalaci ne. Shekara biyu ina matsa masa, sau biyu Kemistiri tana kayar da shi. Ranar da ya daure ya ce, "Baba, ni fa shari'a nake so in karanta," sai muka tarar bai taɓa zana Adabin Turanci ba, kuma ba a ɗaukar ɗalibin shari'a sai da shi. Wata shekarar ta sake tafiya. Har yau in na tuna yadda ya koma shiru-shiru a gidan nan, ko a kan tabarmar cin abinci ba a jin bakinsa, zuciyata ba ta yi mini daɗi.

Yanzu da yaro ya kai 14 nake zama da shi, mu buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB, mu fara daga abin da yake so ya karanta mu dawo baya. Darussa huɗu ake zanawa a UTME, wato jarrabawar shiga jami'a da JAMB ke shiryawa, maki 400, Turanci dole ne. Mai son likitanci zai ƙara da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Sai mu rubuta a kwali mu manna a bangon ɗakinsa. Wasu na cewa 14 ta yi wuri. In ya sauya ra'ayi, cire kwali ya fi asarar shekara sauƙi.

Kuma don Allah ku daina ɗauka WAEC da UTME ne kaɗai ƙofa. Yaron da Larabcinsa ya fi ƙarfi, ku duba masa jarrabawar NBAIS, ta hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, a madadin WAEC. Wanda ba ya rabuwa da sukudireba, kullum yana kwance fanka yana haɗawa, ga NABTEB, jarrabawar fasaha da kasuwanci a madadin WAEC, ga kwalejin kimiyya da fasaha. Mai nutsuwar karatu amma saurin jarrabawa na rikita shi, akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, wadda ke kai ɗalibi aji biyu kai tsaye ba tare da UTME ba.

Kuskure na biyu, kuma a nan zan yi faɗa. Kun saba yaro na amsa tambaya a falo, in ya gaji ya sha ruwa ya dawo, in ya kakare uwarsa ta ɗan tuna masa. Sannan rana ɗaya ku jefa shi zauren da ke cike da baƙin fuska, agogo na gudu a kan allon kwamfuta, ku zauna jiran maki mai yawa? Tun 2015 a kwamfuta ake zana UTME gaba ɗaya. Ni duk Asabar ta watanni ukun ƙarshe nakan zaunar da nawa gaban kwamfuta awa biyu cur, ba tashi, ba tambaya. Haka batun gwajin kimiyya: masu GCE a takarda suke amsa tambayoyinsa, amma yaron da bai taɓa ganin ruwa ya sauya launi a kwalbar gwaji ba, hadda kawai zai yi, kuma da an juya tambayar ya ɓata. Na roƙi wata makaranta a unguwarmu, suna barin yarana su shiga ɗakin gwajinsu idan an tashi.

Sauran ƙanana ne, amma suna hana gurbi. Sunan da ke kan NIN ya zo daidai da na takardar jarrabawa, harafi da harafi. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta. Kiredit biyar ɗin kada su wuce zama biyu, wasu jami'o'in ma zama ɗaya suke nema a likitanci. Kada ku yi gaggawa da ɗan shekara 14 don yana da kai, 16 ce ƙa'idar shiga jami'a. A ɗora sakamako a shafin JAMB da zarar ya fito. Layin wayar da za a yi rajista da shi kuma ya zama na gida, kada mai shagon kwamfuta ya sa nasa, ku adana shi har yaron ya karɓi takardar shiga.