Yadda ake tsara manhajar ƙirƙirarriyar basira ba tare da ta ƙwace hukunci daga hannun mutane ba

A watan Janairun 2021 gwamnatin Holan ƙarƙashin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus, bayan an tabbatar da cewa hukumar harajin ƙasar ta zargi dubban iyalai da cin kuɗin tallafin renon yara ta haramtacciyar hanya, alhali ba su aikata ba. Manhajar da ke zaɓo waɗanda za a bincika ta riƙa sanya ƙasar asalin mutum cikin dalilan tuhumarsa. Duk mai shirin gina irin wannan manhaja ya kamata ya bi waɗannan matakai tun kafin ya fara rubuta ta.

Mataki na farko shi ne a rubuta dalla-dalla wane hukunci manhajar za ta taɓa. Idan hukuncin ya shafi abincin mutum, aikinsa, lafiyarsa ko 'yancinsa, to aikinta ya tsaya ga ba da shawara, yanke hukunci kuwa ya zauna a hannun jami'in da aka san sunansa da muƙaminsa.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne a ba jami'in nan iko na haƙiƙa. Sau da yawa ana ajiye mutum a gaban kwamfuta, a jibga masa ɗaruruwan fayiloli a yini, ya riƙa danna amincewa ba tare da ya karanta ba, sannan a ce akwai sa ido. Sashe na 14 na dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ya lura da wannan ɗabi'a ta miƙa wuya ga abin da na'ura ta faɗa, ya kuma wajabta cewa mai sa ido ya iya watsar da shawarar manhaja ko ya tsayar da ita cak. Saboda haka a tsara allon aikin ya nuna dalilin kowace shawara da bayanan da aka dogara da su, ya kuma bayyana inda manhajar take kokwanto. Kada ƙin shawararta ya fi amincewa da ita wahala, kada kuma a auna ƙwazon ma'aikaci da yawan fayilolin da ya rufe kawai.

Daga nan sai a tanadi rajistar da manhajar za ta riƙa cikewa da kanta: abin da aka shigar, shawarar da ta bayar, wanda ya amince da lokacin da ya amince. Da ita kotu, majalisa ko mai binciken waje za su bi sawu.

Kafin a saki manhajar ga jama'a, a gwada ta a kan rukunoni daban-daban, maza da mata, 'yan birni da 'yan karkara, 'yan ƙasa da baƙi, a ga ko kurenta ya fi faɗawa kan wasu. Cire ƙabila daga bayanai bai wadatar ba, domin suna ko unguwa na iya tona ta.

Mataki na ƙarshe ya shafi wanda hukuncin ya hau kansa. A sanar da shi, cikin harshen da yake ji, cewa manhaja ta sa hannu a lamarinsa, a kuma buɗe masa ƙofar ƙorafi zuwa ga mutum. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ita ma ta ba mutum damar ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa. A sanya wa'adin amsa ƙorafi a rubuce, sannan a riƙa miƙa adadin ƙorafe-ƙorafen da hukunce-hukuncen da aka soke ga wata hukuma mai zaman kanta wadda ba ta ƙarƙashin masu manhajar.