Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Zin Don Adana Labaran Masu Son Jinsinsu

Zin 'yar mujalla ce da mutum ke rubutawa da kansa, ya yanka, ya manna, ya kai wa mai fotokwafi, sannan ya raba ta hannu da hannu ba tare da wani kamfanin ɗab'i ya sa baki ba. Masu son jinsinsu a Amurka da Kanada sun daɗe suna ajiye tarihinsu ta wannan hanya, saboda manyan jaridu kan yi watsi da labarinsu, ko kuma su kawo shi a karkace. Aikin yana da sauƙi a ido, amma akwai wuraren da masu farawa suka fi tuntuɓe.

Kuskure mafi muni shi ne buga labarin mutum ta yadda za a gane shi alhali bai amince ba. Da yawa suna zaton canza suna ya wadatar, sai su bar sana'arsa da unguwarsa da makarantar da ya yi, wanda duk maƙwabcin da ya karanta zai san da wa ake. Gyaran shi ne a karanta wa mai labarin rubutun baki ɗaya kafin a buga, a bar shi ya cire abin da ya ga dama, kuma a tambaye shi daban game da intanet, domin amincewa da kwafi talatin da za su zagaya tsakanin aminai ba amincewa ba ce da shafin da kowa zai iya buɗewa. Hoton waya ma yakan ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi, don haka zane ya fi aminci. A ƙasashen da doka ke hukunta masu son jinsinsu, kamar Najeriya, musamman tun bayan dokar hana auren jinsi ta 2014, sakaci irin wannan na iya jefa mutum kurkuku ko hannun masu ɗaukar doka a hannunsu.

Magabata sun san haka. Edythe Eyde, wata sakatariya a Los Angeles, ta fara fitar da mujallar Vice Versa a 1947, tana buga ta da tafireta da takardar kabon a wurin aikinta, ta kuma fitar da ita sau 9 ba tare da ta sa sunanta ba. Rashin sunan bai hana a ci gaba da karanta ta har yau ba.

Sai dai ɓoye suna daban, ɓoye lokaci daban. Ana yawan mantawa da rubuta shekara da lambar fitowa, abin da ke wahalar da masu adana tarihi irin su Queer Zine Archive Project, wanda aka kafa a Milwaukee a 2003, ko GALA da ke Johannesburg tun 1997. A rubuta shekara a bangon baya, a kuma faɗi ƙarara ko an yarda a sake kwafa.

Akwai kuma ɗabi'ar gyara maganar mai labari har ta koma ta mai rubutu. A ganina wannan ɓarna ce da ba a cika lura da ita ba, domin yadda mutum ke kiran kansa, da barkwancinsa, da inda ya kauce wa tambaya, duk suna cikin abin da ake son adanawa. A gyara ƙa'idar rubutu kawai, a bar masa kalmominsa.

Ta fuskar haɗawa, idan za a ninke takarda gida biyu a ɗinke ta a tsakiya, dole adadin shafuka ya rabu da huɗu, wato 8 ko 12 ko 16, kuma yana da kyau a fara ninke fararen takardu a sa musu lamba, don a ga cewa shafin farko da na ƙarshe a fuska ɗaya suke zama. A bar fili a gefe saboda injin fotokwafi yakan cinye bakin takarda. Salatif yana yin rawaya ya saki, ƙarfen sitefila yana tsatsa a damina, shi ya sa zare ya fi dacewa da abin da ake son ya daɗe. Asalin kwafin da aka manna a ajiye shi a shimfiɗe cikin fayil, nesa da rana da danshi da gara, sannan a damƙa wani kwafin ga amintacce a wani gida dabam.